Yatsan Kaka Inusa

Kakana Inusa ya rasu da manuninsa na dama a lanƙwashe kamar ƙugiya. Iya, matarsa, ita ta ba ni labarin, ni kuma na rubuta don kada ya bi ta.

Shekarar da aka samu mulkin kai, gyaɗa ta cika Tasawa, manyan motoci suna ta kwasa zuwa Maraɗi, kowane direba yana son zane a bayan motarsa. Inusa yana da mata da ƴaƴa biyu, gonarsa ba ta kai su damina. Sai ya je wurin Mati, wani tsohon mai zane da ya zauna da wani nasara, wato Bature, har ya iya fentin mai.

Mati ba ya koyarwa da baki. Ya jingine masa wani allo, zanen dajin da ke arewa da Gidan Amumune tun kafin a sassabe shi a shuka gyaɗa: tudun rairayi, sabara, gawo, ga hadari ya haɗo.

"Kwaikwayi wannan," in ji shi. "Abin da ka gani shi za ka sa. Kada ka ƙara mini ko ganye."

Wata biyu Inusa yana fama, har rairayinsa ya fara kama da na maigidan. Abu ɗaya ya dame shi. A tsakiyar allon akwai fili, hanyoyin ƙafa biyu sun kauce sun zagaye shi, alhali babu komai a wurin. Inusa haifaffen can ne, ya san abin da ake zagayewa: tsohuwar kuka, inda Anna, masu bautar iskoki, suke yanka baƙar akuya. Ba a nuna ta da yatsa. Mai wucewa dunƙule hannu yake yi.

Ya ɗauka tsufa ne ya sa Mati mantuwa. Kwana uku maigidan yana Mayahi, shi kuwa ya zana kukar a nasa allon, har da kogonta.

Da hantsi Mati ya dawo. Ya tsaya bakin ƙofa, ya ƙi shiga.

"Kai Inusa, wa ya aike ka?"

"Maigida, kukar ce ka manta."

"Shekara goma sha biyu ina mantuwa? An hana ka nuna ta da yatsa, kai ka bi ta da buroshi reshe-reshe!"

"Haba maigida, fenti ne fa."

Inusa ya tashi ajiye buroshin, hannun ya ƙi buɗewa. Hannun da zai ci da gida ke nan. Likita ya duba, bai ga komai ba.

Mati ya sa shi ya rufe kukar da shuɗi, da hannun hagu, shafi uku. A na uku yatsu huɗu suka saki. Manunin ne ya zauna. Haka ya yi shekara ashirin yana zanen motoci, gulbi, zaki, dabino, amma ko an roƙe shi ba ya zana kuka.

Allon yana ɗakinmu. Bayan ƴan shekaru shuɗin yakan kwanta, rassan su fara leƙowa, Iya ta sake shafe su. Malaminmu na lakkwal, makarantar boko, ya ce haka tsohon fentin mai yake yi, kuma na yarda da shi. Bara da suka sake fitowa, idon Iya ya mutu, ni na shafe su. A dunƙule na riƙe buroshin.