Riɗin Kawu a Bayan Filin Harbi

Mun tashi da asuba, ko addu'ar bayan salla ba mu tsaya yi ba, daga ƙauyenmu da ke kusa da Kamlin. Mu uku ne: ni, da ƙanena, da maƙwabcinmu mai boksi, wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya wadda ba ta tashi sai an tura. Abin da ya fito da mu wayar Kawu ce, ƙanen mahaifiyarmu, da ke noma a wani ƙauyen Hausawa gab da Damazin. Magana biyu ya yi: riɗi ya nuna, babu masu yanka. Duk wanda ya taɓa noman riɗi ya san ba a jiran sa. Da ganye ya yi rawaya, kwana kaɗan ne kwanso zai tsage, ƙwaya ta zube, wahalar damina ta zama abincin tururuwa. Kawu kuwa ya haura saba'in, yaƙin nan ya watsa masa 'ya'yansa maza, kuma riɗin nan shi ne cinsa na shekara shi da matarsa.

Ni lauje biyu na jefa a buhu. Ƙanena ashe da wata a ransa, bai fito da ita ba sai da muka wuce Madani. Ɗansa zai yi aure bayan kaka. Tun da muka dawo daga gudun hijira kuwa wata bidi'a ta shigo mana: biki in ba a ɗaga bindiga an yi ta ɓarin wuta sama ba, wai bai yi armashi ba. Mutanen da kwanan nan ƙarar bindiga ta kora daga gidajensu, yanzu su ne ke sayen ƙarar da kuɗinsu. Ƙanen nawa ya ware kuɗin harsashin biki, yana yawo da su a aljihun ciki. Ya kuma ga wani bidiyo a waya na wani fili kusa da Damazin inda ake ba da hayar bindiga kowa ya gwada hannunsa. Wai so yake ya koya, kada ya ji kunya gaban surukai. Na ce masa, da furfurarka? Ya yi dariya ya ce ai a kan hanya filin yake.

Hanyar dai kun san ta. Dawa ta yi kai a gonakin Jazira, ruwa ya dawo wasu magudanan, wasu kuma ciyawa ta cinye su har ba ka gane inda suke. Ƙonannun motoci na nan a gefen titi, awaki sun mai da su wurin shan inuwa. Shingen bincike kuwa na daina ƙirgawa, ko'ina a sauke ka, a juya katinka gaba da baya, a tambaye ka lauje na mene ne. Na mene ne kuwa? Na aski?

A Sinnar muka karya da ful, dafaffen waken nan da aka malala wa man riɗi, da jabana, gahawa mai citta har tana ƙona harshe. Kuɗin da a da yake ƙosar da mu uku, yanzu da ƙyar ya saya wa mutum ɗaya kwano. Mai jabanar ta ji muna Hausa, sai ta saki Larabci ta gaishe mu da "kun kwan lahiya", ta ƙara mana zagaye ɗaya kyauta. Daga Singa zuwa Damazin kwalta ta zama tarihi. Boksi ta mutu sau biyu, sau biyu muka tura, rigata ta yi baƙi ƙirin da lakar nan ta kudu.

La'asar ta yi muka iso wata mararraba. Hagu hanyar ƙauyen Kawu, dama wani allo da aka zana bindiga a jiki. A nan na yi kuskuren da har yanzu yake ci min rai. Mahaifinmu ya sha gaya mana, in ka je gari, babban da ka zo dominsa shi za ka fara gaisarwa, ko ruwan wani kada ka sha kafin nan. Ƙanena ya ce rabin awa kawai. Na yi faɗa, na yi faɗa, sannan na bi shi. Gaskiya ɗaya ce, ni ma ina son in gani.

Filin ba wani abu ba ne: rumfar kwano, tebur biyu, da tudun ƙasa da katafila ta tara can gaba, tsayinsa bai fi na ɗaki ba. An jera ganguna da kwalabe a gindinsa. Mai filin wani ƙaton mutum ne mai baƙin tabarau, yana ta "marhaba, marhaba" kamar mun zo cin abinci. Ya jera mana haja a tebur: ƙaramar bindigar hannu da suke kira tabanja, da doguwar nan ta sojoji, kilash, iri biyu, da wata mai ƙafafu da ya ce ta manyan 'yan kasuwa ce, masu kama filin gaba ɗaya su wuni su da abokansu. Kuɗin harsashi guda ya fi kuɗin kwanon ful ɗin Sinnar. Aka ba mu auduga muka toshe kunne.

Tabanja na fara ɗauka. Abu ɗan mitsitsi, amma da na ja kunamar sai da wuyan hannuna ya amsa. Shida na harba, gangar tana nan lafiyarta ƙalau. Maƙwabcinmu, wanda ya cika damtsensa da layun maganin bindiga, shi ya fi kowa nisa da teburin. Sai ƙanena ya ce a ba ni kilash, a sa ta a kan wadda ba ta tsayawa. Jama'a, ban san haka abin yake ba. Ina dannawa sai bakin bindigar ya riƙa ɗagawa sama kamar raƙumi ya ga ganye, ni ina ja ƙasa tana yin sama. Na ga ƙura ta tashi a gindin tudun, sannan a tsakiyarsa, sannan ban ƙara ganin ƙura ba, ga shi kuwa bindigar ba ta daina aman wuta ba. Aka yi min tafi.

Na cire audugar na tambayi mai filin abin da ke bayan tudun. Ya kaɗa hannu ya ce, "Daji ne kawai, ya Haj." Ƙanena ma ya zazzage tasa, rabi a tudu, rabi a sama. Muka biya muka fita muna ta raha.

Hanyar ƙauyen zagaye take yi, don haka ban lura da komai ba sai da muka tsaya a ƙofar gidan Kawu gab da magariba. Ina fitowa daga mota na ɗaga kai, sai ga bayan tudun nan. Tsakaninsa da ƙauyen kuwa riɗi ne shimfiɗe, rawaya fal.

Kawu na zaune a gindin rumfa, gaban rigarsa duk ƙasa. Muka durƙusa muka gaisa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, bai yi gaggawa ba. Sannan ya jawo wani gwangwanin madara ya girgiza mana. Kawunan harsashi ne, rabin gwangwani, duk a gonarsa ya tsinto su. Tun da aka buɗe filin bayan shuka, daga hantsi zuwa magariba ba mai shiga gonar. 'Yan ƙwadago sun zo wuni ɗaya, harsashi ya sami jakin ɗayansu a cinya, ba su sake dawowa ba. Shi da Inna, matarsa, suke fita bayan asuba su yanki abin da ya sawwaƙa kafin a fara. Tsofaffi biyu, a gonar da mutum ashirin za su kwana biyu a ciki.

"Yau na ce bari in leƙa in ga ko ya hwara tsagewa," in ji shi. "Sai wasu marasa tsoron Allah sunka saki wuta da la'asar. Rub da ciki na kwanta, ina jin abin na wucewa bisa kaina."

Ƙanena ya sunkuyar da kai kamar an ɗora masa dutse. Na ce, "Kawu, mu ne." Ya dube ni, ya dubi ƙanena, ya mai da murfin gwangwanin. Ya ce, "To, Allah ya tsare. Ku wanke hannu, tuwo na hucewa." Wallahi da ya ɗauki sanda ya zane ni da ya fi min sauƙi. Da na tambaye shi me ya hana shi faɗa mana a waya, sai ya ce da ya faɗa da faɗa za mu zo, shi kuwa hannu yake nema.

Gari na wayewa muka koma wurin mai tabarau, ni ina gaba, raina a ɓace. Na ce masa dajin da ya faɗa gonar tsoho ce, da mutane a ciki. Ya ɗauko wata takarda mai hatimi ya kaɗa min a fuska. Na ce ya ƙara tsayin tudun, ya ce man katafila tsada. Na ce ya rufe kwana biyu kacal a yanke riɗin, ya ce shi ma da iyali. Daga ƙarshe har da yi min wa'azi, wai harsashi ba ya samun kowa sai mai ƙarar kwana. Haba! Kai ka jera bindiga a tebur kamar tumatir, ka fuskantar da ita gidajen mutane, sannan ka ɗora wa ajali laifi? Maƙwabcinmu ne ya riƙe min hannu, da yau wani labarin nake ba ku.

Sai ƙanena ya sa hannu a aljihun ciki, ya fito da kuɗin harsashin bikin nan gaba ɗaya, ya ajiye a tebur. Ya ce mun kama filin yau da gobe, kamar yadda 'yan kasuwa ke yi, kada kowa ya shigo.

"Harsashi nawa za a kawo muku?" in ji mai filin.

"Ko ɗaya."

Mutumin ya ƙyalƙyale da dariya, amma ko sisi bai rage mana ba. Ku duba fa, sai da muka biya haya kafin tsoho ya shiga gonar da ya gada daga ubansa. Allah wadai.

Kafin hantsi labari ya zagaye ƙauyen cewa yau ba harbi, aka kira gayya. Maza da mata suka fito da lauje, har da waɗanda nasu riɗin ya riga ya zube, suka ce gara na wani ya tsira. Inna da maƙwabtanta suka ɗora tukwane a bakin gona. Na daɗe ban sunkuya haka ba, bayana har yau bai yafe min ba. A al'ada a gonar ake tsayar da damman riɗi su bushe kafin a kakkaɓe, amma wa zai dawo kakkaɓa cikin ruwan harsashi? Sai muka riƙa loda su ɗanye a boksi, muna kaiwa wancan gefen ƙauyen muna tsayarwa a kan tamfol. Motar da ke mutuwa a titi, a gona ko sau ɗaya ba ta ba mu kunya ba.

Gefen da ke kusa da tudun mun makara. Kana taɓa karan sai ka ji ƙwayar na zuba, yuuu, ƙasa ta yi fari da ita. Kawu ya tsuguna ya ɗebo da tafin hannu, riɗi da ƙasa a haɗe, ya duba, ya zubar. Wajen kashi ɗaya cikin uku ya tafi haka. Sauran mun kwashe kafin magaribar rana ta biyu.

Ran na uku da hantsi muna shan shayin sallama, sai ga ƙarar ta dawo, tas-tas-tas. Dattawan ƙauyen sun ce za su kai kuka gaba, ban san inda maganar ta tsaya ba. Da za mu shiga mota Kawu ya miƙa wa ƙanena gwangwanin nan, ya ce gudummawar biki ce, tun da ya ji ana neman harsashi.

Komowa ba mu yi wata hira ba sai turin mota. Mun iso gida washegari, samarin unguwa suka taso suna tambayar ƙanena bindiga nawa za a kawo ranar bikin. Ya zazzage musu gwangwanin a kan tabarma, ya ce kowa ya ɗauki ɗaya ya faɗi rufin gidan da yake so ya sauka. Suka watse ɗaya bayan ɗaya. Bikin ɗansa da kalangu da guɗa za a yi shi, wanda bai ga armashi ba ya zauna gidansa.

Abin da na koyo bai da yawa. Da na bi maganar mahaifinmu na fara gaida babba, da ban taɓa bindigar nan ba. Kuma duk wanda ya ce maka bayan tudu daji ne, taka ka je ka gani da idonka, don a ƙasar nan babu dajin da ba gonar wani ba.

Jiya Kawu ya kira, ya ce sun kakkaɓe, abin da aka samu zai kai su damina in an yi tattali. Na ce alhamdu lillahi. Ya ce baɗi dai ba zai shuka gonar ba, yana neman aro a wani wuri. Sai da na sa ya maimaita sau biyu, don ƙarar harbin da ke bayansa ta fi muryarsa ƙarfi.