Kasken Ɗan Baba Mai Ramuka

In ka shiga Madarounfa ka tambayi gidan Ɗan Baba mai kaset, ko mai tallan goro ya san wurin. Gidan ƙasa ne a hanyar da ke gangarawa tafki, zauren kuma shi ne shagonsa. Ɗan Baba ya ba hamsin baya, gajere ne mai ɗan tumbi, mai son a yaba masa, ko da yake in an yaba sai ya ɗaure fuska kamar an taka shi. Da can gyaran rediyo yake yi. Da salula ta cika gari rediyo ta ja baya, sai ya kama wata sana'ar da ba mai yin ta a yankin sai shi: kwashe maganar da ke cikin tsofaffin kaset ya zuba ta a memwar, ɗan katin nan da ake sa wa salula.

Ba kaset ɗin waƙa ba fa. A shekarun baya, mazan ƙauyukan Gabi da Safo in sun tafi cin rani Najeriya, wanda bai iya rubutu ba yakan sayi kaset ya zauna gaban rediyo ya faɗi abin da ke ransa, ya ba direba ya kawo gida. Gaisuwa ce, da saƙon kada a sayar da akuya, da faɗa, wani lokaci har da kuka. Yau yawancin masu maganar sun riga mu gidan gaskiya, sai iyalansu ke tono kaset ɗin daga ƙasan adaka su kawo wa Ɗan Baba. Shi kuma ya goge, ya liƙe inda ya tsinke, ya sa kaske, abin sauraren nan mai rufe kunnuwa, ya bi maganar daga farko har ƙarshe yana rage mata ƙugi a ordinatarsa, wato kwamfuta.

Akwai samari a Maradi da za su iya wannan aikin, har ma su fi shi sauri. Abin da ya sa ake tsallake su a zo wurinsa abu ɗaya ne, kuma shi da kansa yake tallarsa ga duk wanda ya shigo zauren: "Abin da ya shiga kunnena, nan yaka kwana." Gaskiya ne kuwa. Shekara tara ba a taɓa jin maganar gidan wani ta fito daga zaurensa ba.

Matsalarsa ɗaya ita ce tsohon kaskensa. Abu ne mai matse kai kamar an ɗaura masa igiya, fatar kunnen ta ɓaɓɓare, in bazara ta yi sai gumi ya taru a ciki. In ya sa shi kuma ya rabu da duniya ke nan. Sau nawa azahar ta wuce shi yana zaune, har liman ya fara yi masa kallon nan da ba a son a yi wa dattijo.

Ana nan sai Abdoul Aziz, ƙanen matarsa Indo, direban babbar mota mai zuwa Kwatano, ya kawo masa tsarabar wani kaske da ya tsinta cikin kayan gwanjo. Ɗan Baba ya juya shi ya ga bayan kunnuwan duk ramuka ne ƙanana.

"An cuce ka," in ji shi. "Wanga ai rariya ce."

"Sa dai ka ji, yaya."

Ya sa don kada ya ba suruki kunya. Bai cire ba sai da la'asar. Abin ba nauyi, matashin kunnen mai laushi kamar karan-miski, iska na shiga tana fita. Muryar da ke cikin kaset kuma ba ta cushe a tsakiyar kansa kamar da ba, sai ta koma can gabansa, kamar mai maganar na zaune a kan tabarmar baƙi. Yana jin numfashin mutum, yana jin inda ya haɗiye yawu kafin ya faɗi abin da ke yi masa nauyi. Duk da haka yana jin tafasar shayinsa, yana jin ladan. Ranar shi ya riga kowa shiga sahu. Ɗan Baba ya ƙaunaci kasken nan ƙauna ta gaskiya, har ya sa tela ya ɗinka masa jaka.

Mako uku aka yi cikin wannan daɗin. Indo takan zauna bakin ƙofar zaure ta cikin gida tana ɓarar gyaɗa, don nan iska ta fi bi. Wata hantsi yana aikin kaset ɗin wata tsohuwa mai suna Atika, mai daddawa daga Gabi. Mijinta Garba ne ya aiko shi daga Legas shekara arba'in da suka wuce, kuma bai daɗe da dawowa ba ya rasu. Garba na cikin ba da labarin yadda miyar barkonon can ta sa shi kiran sunan uwarsa a gaban jama'a, Ɗan Baba ya tuntsure da dariya. A daidai lokacin ya ji wata dariyar a bayansa.

Ya cire kasken a hankali. "Mi kike ma dariya?"

"Mutumen nan mana, da barkono."

Ya ɗora mata kasken a ka, ya ja da baya taku uku. Ga muryar Garba nan tana fitowa ta ramukan, siririya amma tar, ko kalma ɗaya ba ta ɓace ba. Shi da kullum yake ciki bai taɓa tsayawa a waje ya ji ba.

"Tun yaushe kike ji?"

"Tun randa anka kawo shi. Na aza ka sani." Da ta ga fuskarsa ta ƙara da cewa, "Ban hwaɗa ma kowa ba, Malam."

Ya yarda da ita, don Indo ba mai yawon baki ba ce. Amma alkawarin da yake yi wa mutane bai ce kunnensa da na matarsa ba. Ya nemo sikoc, wato salatif, ya liƙe ramukan tsaf, sai muryar ta koma kamar ana magana cikin tulu, ya ɓare shi yana tsaki. Ya koma wa tsohon kasken kwana biyu yana gumi yana fushi da kowa, har da akuya. Hakan ma bai gyara abin da ya riga ya faru ba. Indo ta ce a bar maganar tunda ba wanda ya sani. Ya ce shi ya sani. Kuma ya san wadda zai fara faɗa wa: Atika, matar da ke cin kasuwa huɗu a mako, wadda in ta buɗe baki a Gabi ba mai sake kawo masa ko murfin kaset.

Ranar kasuwa Atika ta zo da ƙwaryar daddawarta, ta zauna a tabarma. Bayan gaisuwa Ɗan Baba ya miƙa mata memwar da kaset ɗinta, ya sunkuyar da kai ya faɗa mata komai, bai rage ba. Ya nuna mata ramukan.

Atika ta dubi ramukan ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce, "Kira min ita."

Indo ta shigo ta durƙusa.

"Ɗiyata, har ƙarshe kinka ji?"

"Har ƙarshe, Inna."

"Ni ban taɓa ji har ƙarshe ba."

Ta ba su labarin. Lokacin da kaset ɗin ya iso, rediyo ɗaya ce a unguwarsu, ta wani baffan mijinta. A ƙofar gidansa aka sa, maza da mata sun fi talatin, kowa na jiran ya ji ko an ambace shi. Ita tana amarya, surukanta na zaune a gaba, ina ita ina zama a ji muryar miji da ita? Ta laɓe bayan zana. Da ta ji ya gama da iyaye ya fara gangarowa kan mutanen gida, kunya ta kama ta, ta ruga ɗaki. Daga baya aka yi ta tsokanarta, ba wanda ya yarda ya faɗa mata abin da ya ce. Da ya rasu ta kasa sawa. Da ta ji za ta iya, rediyon kaset ta ƙare a garin.

"Waɗanda sunka ji duk sun tahi," in ji ta. "Yau ga wadda ta ji, da ranta. Kai kuma, Ɗan Baba, ka riƙa hwaɗa ma mutane abinka na yoyo, kowa shi zaɓi wanda za ya zauna kusa. Ni na zaɓa. Sa min."

Ɗan Baba ya ji kamar an sauke masa buhun gero daga ka. Ya gyara mata kasken mai ramuka a kan ɗankwali, ya kunna, ya fita ya tsaya a bakin ƙofa ya ba su baya. Indo ta matso har kafaɗarta na taɓa ta tsohuwar. Da muryar ta fara, Atika ta waiwaya da sauri ta dubi tabarmar da ke gefenta, don a nan ta ji shi. Wurin barkono suka yi dariya tare. Aka gaida iyaye, aka yi maganar akuya, sannan Garba ya ɗan yi shiru, ana jin wata mota na wucewa a Legas ta shekara arba'in da suka wuce. Indo ta riƙe hannun tsohuwar don ta san abin da ke tafe.

"Ke kuma da ke bayan zana," in ji Garba, yana danne dariya, "na san kina ji. Ina kwananki? Kin tashi lahiya?"

Atika ta ja bakin mayafinta ta rufe rabin fuska, kamar surukan na nan zaune.

"Lahiya lau," ta ce.