Katako da Burushi

A ƙaramin asibitin unguwarmu a birnin El Alto, matar da ke gabana a layi ta kasa zama wuri ɗaya. Tana miƙewa tana zama, tana gyara 'yar hular da ke ɗofane a kanta, jelar kitsonta biyu na lilo har ƙugu. Farcenta duk ƙasa. Ina jin dankali take sayarwa, kuma ta bar wa maƙwabciya rumfarta, don idonta ba ya barin ƙofa.

Wilma, ma'aikaciyar jinya, tana zagayawa tana nuna mana abubuwan da ake ɗibar ƙwayoyin bakin mahaifa da su don gwajin sankara: ɗan katako mai faɗi, da siririn burushi. Mu kunya ta hana mu taɓawa. Ita kuwa matar ta karɓe duka biyun, tana jujjuya su kamar mai tayin kaya. Ta goga katakon a mayafinta na ulu, ta duba, babu komai. Ta murza burushin, ta ɗaga shi sama, ga gashin ulu maƙale a jiki.

"Mamita, uwata, ba cin kasuwa kika zo ba," in ji Wilma tana dariya. "Yanzu biyun muke haɗawa."

"Da can fa?"

"Katakon kaɗai."

Matar ta daina kallon ƙofa.

"Da shi aka yi wa yayata Eulogia, aka ce lafiyarta lau. Bara muka binne ta." Ta mayar da katakon, ta riƙe burushin gam. "In kin zo kaina, 'yata, ki murza sosai. Kada ki ji tausayina."