Mutumin da Ya Ce "To" Sau Biyu

Da asuba, kafin mai shago ya iso, Malam To yakan buɗe shagon wanki da guga, ya jona dutsen guga, ya ɗiga masa ruwa ya ji ko ya yi zafi. Abin da yake fara gogewa ba kayan kwastoma ba ne, mayafin matarsa ne da yake zuwa da shi cikin leda. Ba ta taɓa roƙonsa ba. A iya saninmu, mu abokan aikinsa, wannan kaɗai yake yi ba tare da an ce ya yi ba.

Sunan daga bakinsa ya fito. An ce ya bar makaranta ya koyi guga, ya ce to. Matar ma ita ce ta gaji da jiran ya furta, ta ce, "Ka turo manyanka," ya ce to. Mai wanki, wanda suke aiki tare, yakan leƙo ya ce, "Malam, rigarka ta kama wuta," ya ce to, sannan ya duba. Amma "to" ɗin kala-kala ne. Akwai na yarda, akwai na "na ji dai", akwai na "ku rabu da ni". Matarsa kaɗai ke iya bambance su.

'Yarsa da ke aure a wani gari ta zo ganin gida, ta saka masa wani wasa a waya. Labari ne na hotuna da rubutu, kana dannawa yana tafiya, sai a kai wata gaɓa ya tsaya cak, a ba ka zaɓi biyu. Saurayin cikin labarin ba ya cewa komai, duk inda aka tura shi nan yake nufa. Malam To ya ce, "Wannan ai ɗan gidanmu ne." Ya bi shi har tashar jirgin ƙasa, inda yarinyar da yake so ta ɗauki jaka za ta hau. Aka rubuta: Kira ta, ko Ƙyale ta. Nan ya tsaya. Wata da watanni yana buɗewa lokacin hutu, ya kalli bayan yarinyar, ya rufe.

"Baba, jirgin nan bai tashi ba har yanzu?" in ji 'yar a waya.

"Yana jirana."

Ana haka ciwon suga ya ci ƙafar matar. Ɗan yatsa ya yi baƙi, baƙin ya fara hawa. A asibiti likita ya ja shi gefe ya ce masa a yanke daga idon sawu yau, in ba haka ba ciwon zai shiga jini. Malam To ya ce, "To." Likita ya tafi shirya ɗakin tiyata.

A baranda yayan matar ya tare shi. Mutum ne mai murya, wanda bai saba a mayar masa da magana ba. "Ƙanwata ba za ta zauna da guntun ƙafa ba. Na san mai magani, a gida za a yi mata. Ka ji ni?" Malam To ya ce, "To." Yayan ya tafi neman mota.

Motar ta riga likita.

A kujerar baya, zazzaɓi na kaɗa ta, matar ta kama hannun rigarsa.

"Malam, me ka ce musu?"

"Na ce to."

"Na sani. Wanne?"

Ya dubi tagar mota. Ta saki rigar, ta ce, "Ni tsoro ne ya hana ni magana. Na ɗauka yau za ka yi mana."

Aka yi ta shafe-shafe a gida, ɗakin ya ɗauki wari, ta daina gane mutane. Wata safiya Malam To bai tambayi kowa ba, ya goya ta a baya ya fita titi, ya tare mota da jikinsa. Da suka isa asibiti, likitan nan ya buɗe ƙafar, ya mayar da zane ya rufe. Bai yi masa faɗa ba, kujera kawai ya tura masa. Ba ta kai yamma ba.

Bayan an watse zaman makoki, yayan ya zo da buhu zai kwashe tufafinta a raba wa dangi. Ya kai hannu kan mayafin.

"A'a," in ji Malam To.

Yayan ya juyo. "Me ka ce?"

"Na ce a'a, Yaya. Ajiye shi."

Ya ajiye. Bai yi gardama ba ko kaɗan, ya ɗaure buhunsa ya fita. Malam To ya daɗe tsaye a tsakar ɗakin yana kallon ƙofa. Ashe iyakarta ke nan, kalma guda, kuma mutumin yana jin ta.

Ya koma aiki. Yanzu yakan ce a'a. Mai shago ya ce ya ƙara awa, a'a. Kwastoma ya ce an canja masa wando, a'a. Mai wanki ya daina tsokanarsa, ya ce tsohon Malam To ya fi daɗin zama. Sunan dai bai fita ba, kuma a'a ɗin ba ta dawo masa da komai ba.

Ranar da na gan shi na ƙarshe, kafin in bar shagon, na iso da wuri na same shi ya shimfiɗa mayafin a kan tebur, wayar na gefe. Ya ɗauke ta ya buɗe wasan. Yarinyar na nan da jakarta, jirgi bai tashi ba. Ya sa babban yatsa ya danna Kira ta.

Ta juyo.

Ya kife wayar a kan tebur, ya ɗauki dutsen guga, ya bi mayafin daga wannan baki zuwa wancan, ya ninke shi, ya mayar cikin leda.