Ƙwayoyin Inna a Gwangwani Ɗaya

Shekarar da hawan jini ya kama Inna, ni aka ɗora wa kula da maganinta, don ni kaɗai ce na gama sakandare a gidanmu. Sana'ar Inna bandar kifi ce. Da sassafe take sauka bakin ruwa a Yelwa ta tari masu jirage, kafin hantsi hayaƙi ya turnuƙe gidan.

A asibiti an ba ta wata farar ƙwaya, ɗaya kullum da safe. Wannan bai ba ni wahala ba. Rikicin ya fara ne da ta je Wara wurin ƙanwarta ta yi mako uku. Ta dawo da gwangwanin madara cike da ƙwayoyi, ta kuma baro kwalaye da ledojin da aka yi rubutu a kansu a can, wai suna cika mata jaka.

Na zazzage su a faifai. Ga farar da na sani, ga wata ruwan ƙwai, ga wata ja mai santsi.

Na ɗaga mai ruwan ƙwan na ce, "Inna, wannan ta mece ce?"

"Ta jini. Can Wara aka auna ni aka ba ni."

"To farar fa?"

"Ita ma ta jini mana. Kowane likita da tashi."

"Jar kuma?"

"Ta gwiwa ce, mai kemis ya ba ni. Biyu da safe ya ce, ko ɗaya da safe biyu da marece. Wani abu dai haka."

Na rasa ta inda zan kama. Duk waɗanda suka ba ta sun fi ni sani, ni wace ce da zan cire wata? Sai na ci gaba da ba ta duka ukun.

Ba a yi kwana goma ba ƙafafunta suka kumbura, silifa ya daina shiga. Tana kukan zafin ciki. Wata safiya ta miƙe daga gaban banda, jiri ya kwashe ta, ta zauna daɓas a ƙasa. Maƙwabta suka taru. Wata ta ce hayaƙi ne. Wata ta ce a ƙara mata ƙwayar jini, wata kuma ta ce a bar maganin asibiti a dafa mata zoɓo. Kowa na magana da tabbaci, ni da ke riƙe da gwangwanin ce kaɗai ban san komai ba.

Na tare mana masu kabu-kabu biyu muka nufi asibiti. Bayan likita ya duba ta, ya tura mu wurin matar da ke ba da magani. Ta juya ƙwayoyin a tafin hannunta ta girgiza kai.

"Malama, ba kwali ba leda, ta yaya zan tabbatar? Ina takardar Wara?"

Na kira ƙanwar Inna a waya. Ta lalubo kwalayen a ɗakin da Inna ta sauka, ta kai wa wata malamar makaranta maƙwabciyarta, ita kuma ta riƙa karanto mana harafi bayan harafi, waya na yankewa muna sake kira.

Mai maganin ta ajiye biro ta ce, "Farar da mai ruwan ƙwan magani ɗaya ne, kamfani ne ya bambanta. Ninki biyu take sha, shi ya kawo kumburi da jiri. Jar kuma tana cin ciki, tana wahalar da ƙoda, tana kuma tayar da jinin da ake son saukarwa."

Na ce, "Wato ɗaya na saukarwa fiye da kima, ɗaya na tayarwa? To me ya sa ba su daidaita ba?"

Ta yi murmushi ta ce jiki ba ya lissafi haka. Ta sake yi mini bayani a hankali, na riƙa gyaɗa kai, amma rabi kawai na kama.

Aka bar Inna da farar kaɗai, aka ba ta wani maganin ciwo mai sauƙi da man shafawa a gwiwa. Bayan mako biyu kumburin ya sauka, ta koma bakin ruwa. Da muka je awo likita ya ce jinin ya yi kyau. Inna ta dube ni ta tambaya yaya ƙwaya ɗaya ta fi uku aiki. Na fara yi mata bayani, na sarƙe a tsakiya, sai na ce mu tafi kada kifi ya ƙone.