Hoton Garken Malam Buba

Ina cikin nuna wa Malam Buba shafin intanet da na gina masa, sai na ga fuskarsa ta sauya.

Makiyayi ne a wajen Malam Madori, iyalinsa suna sayar da kindirmo. Ni kuwa da furfurata na shiga ajin kwamfuta a Haɗejiya, kuma da wannan aikin za a ba ni takardar shaida. Ɗan littafin darasinmu ya ce a sa babban hoto a saman shafi, shi ya sa na sa garkensa yana kiwo a fadama.

Ya ce, "Malam, wa zai ga wannan?"

Na ce, "Duk duniya, in Allah ya so."

Ya ce, "Subhanallahi! Ni da ko surukina bai san yawan shanuna ba? Ga kambun baka, ga ɓarayi. Cire, don Allah."

Na cire nan take, domin dukiyarsa ta fi takardata. Amma jibi malami zai duba aikin, saman shafin kuwa fari fat, ni kuma na kasa zama wuri ɗaya.

Jama'a, wane hoto ne zai sayar da nono bai tona asirin garke ba?