Fiffiken Hagu

Dattijon yana tsaye a ƙofar shagon maƙeri, rigarsa ta sha guga amma ta koɗe. A tafinsa akwai tambarin mota, ɗan tsuntsun ƙarfe irin wanda kamfani ya daina yi tun tuni. Kwana uku maƙerin ya yi yana ƙera masa shi.

Yana shafa shi da babban yatsa, sai ya miƙo.

"Ya yi kyau, ɗana, har ya yi yawa. Ɗan lotsa mini fiffiken hagu."

"Haba Baba, sabo fil?"

"Namu haka yake. Matata ce ta buga shi da ƙofar gida ranar da nake koya mata tuƙi."

Maƙerin bai tambayi inda take ba. Yana ɗaga guduma, dattijon ya rufe ido, yana jiran ƙarar.